Ƙarfin jiki cikin minti 15

Bayan girbi, samarin Madarunfa suna fita kokowa. A shekara ta 1975 aka fara kokowar ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci takobi. Yara da yawa suna son ƙarfi irin nasa. Amma ga karatu, ga kiwo, ga ɗibar ruwa. Ina lokaci?

Minti 15 sun isa. Tsoka tana ƙara ƙarfi in ta yi aikin da ya ɗan fi wanda ta saba. Ga motsi uku masu sa tsokoki da yawa aiki gaba ɗaya:

1. Ku tsuguna, ku miƙe, sau 10.
2. Ku kwanta rub da ciki, ku dafa ƙasa, ku tura jikinku sama, sau 5.
3. Ku kama reshe mai ƙwari, ku ja jikinku sama, sau 3.

Ku yi su a jere, ku huta, ku sake har zagaye uku. Lokacin da ƙafafu ke aiki, hannuwa suna hutawa. Ta haka ba a ɓata lokaci.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce yara su yi irin wannan motsi aƙalla kwana 3 a mako. Ku riƙa tsallake kwana ɗaya, don a lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa. Wake, gyaɗa, nono da kifin tabki suna taimaka mata.

Kada ku yi da tsakar rana. In kun ji ciwo, ku tsaya. Sannu ba ta hana zuwa.