Benzin a Iskar Birni: Auna Gubar da Hanci Ba Ya Ji

Tsaya kusa da ɗan bumburutu da hantsi, lokacin da yake juye galan a tankin adaidaita sahu. Ya kafa mazurari, ya karkata galan a kan gwiwarsa, mai yana kwarara. In ka lura da kyau za ka ga iska tana rawa a saman bakin tankin kamar kawalwalniya. Wannan tururin fetur ne, kuma yaron da direban da fasinjan da ke zaune a baya duk suna shaƙarsa. Sinadarai da dama ne a cakuɗe a cikinsa, amma akwai guda ɗaya da likitoci suka fi sa wa ido, shi ne benzin.

Sunan yana iya rikita mutum, domin Larabawa da Jamusawa fetur ɗin kansa suke kira da kusan wannan suna. Benzin da muke magana a kai sinadari ne guda cikin waɗanda suka haɗu suka zama fetur. Ruwa ne garau marar launi, mai ɗan ƙamshi, mai saurin bin iska. Masanin kimiyya Michael Faraday ne ya fara ware shi a Landan a 1825, daga wani maiƙo da ke taruwa a gindin tukwanen gas ɗin kunna fitilu. Asalin sunan kuwa daga turare ne. Fatake Larabawa suna kiran wani ƙaro mai ƙamshi luban jawi, wato lubban tsibirin Jawa. Turawa suka lanƙwasa kalmar da harshensu, kuma da aka samo sinadarin daga wannan ƙaro a 1833 sai sunan ya bi shi.

An daɗe ana amfani da shi kafin a san sharrinsa. Yana narkar da roba da gam da fenti, don haka masana'antu suka rungume shi. A 1897 wani likita a Suwidin ya ba da rahoton 'yan mata masu aiki a masana'antar tayar keke waɗanda jininsu ya ƙare, wasu har suka rasu. Daga baya, a shekarun 1970, wani likitan jini na Turkiyya, Muzaffer Aksoy, ya lura cewa dukawan Istambul masu ɗinkin takalma suna yawan zuwa asibiti da sankarar jini. Ya bi sawu har cikin ƙananan shagunansu marasa isasshiyar iska, ya tarar gam ɗin da suke liƙa takalma da shi cike yake da benzin. Abin da ke faruwa shi ne, in an shaƙe shi yakan shiga jini, hanta ta sarrafa shi, abin da ya fito daga sarrafawar kuma ya wuce cikin ɓargo, inda jiki ke ƙera jini, ya yi ɓarna a can. Yau cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sa benzin a rukuni na ɗaya, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara.

To, dukawan Istambul suna shaƙar mai yawa ne a ɗaki rufe. Mai tafiya a titi fa, wanda ɗan kaɗan yake shaƙa amma kullum, daga yarinta har tsufa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da za a nuna a ce daga nan zuwa ƙasa lafiya lau. Abin da ta bayar lissafin haɗari ne. Ana auna benzin da maikurogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin kubik mita ɗaya na iska, wato iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. Idan mutane suka rayu a iskar da ke ɗauke da maikurogiram 17, ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 10,000 zai kamu da sankarar jini saboda ita. Idan 1.7 ne, mutum ɗaya cikin 100,000. Tarayyar Turai ta sa iyakarta a maikurogiram 5 a matsakaicin shekara, kuma a 2024 ta amince a sauko da ita zuwa 3.4 daga 2030. Indiya ma 5 ta sa, Japan kuma 3.

Maikurogiram biyar bai kai nauyin ƙwayar gishiri ɗaya ba, ko kusa. Kafin hancin mutum ya ji ƙamshin benzin sai ya ninka wannan iyaka sau ɗaruruwa masu yawa. Ke nan unguwa tana iya shekara ashirin iskarta ta haura ƙa'ida, babu wanda ya taɓa toshe hanci. Hayaƙin bola yana sa tari, ƙurar hunturu tana sa mura, mutum ya san ya shaƙi wani abu. Benzin ba ya sallama. Wannan ne ya sa dole sai da na'ura.

Hanya mafi araha ita ce 'yar ƙaramar na'ura, bututun ƙarfe mai tsawon yatsa ko fiye kaɗan, a cike da wani gari mai kama sinadarai. A rataye ta a jikin falwaya, a bar ta mako biyu tana tsotsar abin da iska ta kawo, sannan a toshe ta a kai ɗakin bincike. Ba ta buƙatar wuta, ba ta buƙatar mai gadi, kuma da ita ana iya rufe gari guda da ma'auni. Tun 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta wajabta wa matatun mai su kewaye shingensu da irin waɗannan bututu. Amma lamba ɗaya tak take bayarwa a mako biyu. Kamar a tambayi mutum yadda damina ta kasance ne ya ce an samu ruwa kaza, bai faɗi cewa rabinsa a dare ɗaya ya sauka ya rushe gidaje ba.

Awon da ba ya tsayawa shi ne ke cike wannan giɓi. A gefen titin Marilbon da ke tsakiyar Landan, daura da gidan gumakan kakin zuma na Madame Tussauds, akwai wani ɗan ɗaki kamar kwantena wanda yake aiki tun 1997. Titin mai layi shida ne, motoci ba sa yankewa dare da rana. Daga saman ɗakin bututu ya leƙo yana zuƙar iskar titi. A ciki akwai na'urar da ake kira kuromatogiraf, kuma aikinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin dabara ce mai kyau.

Da farko famfo yana jan iska gwargwadon abin da aka ƙayyade, ya bi da ita ta cikin wani ɗan tarko mai sanyi wanda ke riƙe sinadaran ya saki sauran iskar. Bayan wasu mintoci sai a zafafa tarkon farat ɗaya, duk abin da ya kama ya tashi lokaci guda. Daga nan wata iska mai tsabta ta tura su cikin siririn bututu mai tsawon mita da yawa, wanda aka naɗe kamar gammo a cikin tanda. An shafe cikin bututun da wani abu mai ɗan danƙo. Ka ɗauka mutane ne suka shiga doguwar kasuwa ta ƙofa ɗaya a tare. Wanda bai san kowa ba zai fita da wuri, mai yawan gaisuwa kuwa sai ya tsaya a kowace rumfa, shi zai fito a ƙarshe. Haka sinadaran suke. Kowanne yana da nasa lokacin fitowa, ba ya saɓawa: benzin ya riga toluwin, toluwin ya riga zailin, waɗanda su ma sinadaran fetur ne. A bakin fita akwai ma'auni, wani lokaci ɗan harshen wuta, wani lokaci fitila mai haske na musamman, wanda ke mayar da duk abin da ya gifta zuwa motsin lantarki. A fuskar kwamfuta sai a ga layi a kwance, can ya yi tsini ya sauko. Lokacin da tsinin ya fito shi ke faɗin sunan sinadarin, girmansa kuma ya faɗi yawansa. Da an gama zagaye ɗaya na'ura ta sake jan iska. A Marilbon kowace awa ana samun sabon sakamako na sinadarai kusan talatin, kuma gwamnatin Birtaniya tana sa shi a intanet kowa ya gani.

Akwai kuma wata hanyar da ba ta jan iska ko kaɗan. Ana harba haske daga saman wani gini zuwa wani, tazarar mita ɗaruruwa, a duba wane ɓangare na hasken ya ɓace a hanya, tunda kowane sinadari yana da irin hasken da yake haɗiyewa.

Me awon kowace awa ke nunawa? Yana nuna numfashin gari. Layin yana hawa da safe lokacin fita aiki, ya kwanta da rana in zafi ya ɗaga iska sama, ya sake hawa da yamma. A daren sanyi marar iska yakan yi sama sosai, domin iska mai sanyi tana kwantawa a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta kamar murfin tukunya, hayaƙi ya rasa mafita. Duk wanda ya taɓa shiga Kano da asubar hunturu ya ga hayaƙi a shimfiɗe a kan rufin gidaje ya san abin da ake nufi. In aka haɗa sakamakon da inda iska ta kaɗo, ana iya nuna yatsa: duk lokacin da ta taso daga yamma benzin na hawa, me ke yamma? Hatta yawan toluwin in an gwada shi da na benzin yana ba da labari, domin hayaƙin mota ya fi yawan toluwin, hayaƙin itace kuma ya fi yawan benzin.

Wani lokaci kuma maganar ta awa ɗaya ce, ba ta shekara ba. A watan Maris na 2019 gobara ta tashi a wani wurin ajiyar sinadarai a Diya Fak, kusa da Hustan a jihar Tezas. Bayan an kashe wutar, na'urori suka nuna benzin ya tashi, hukuma ta umarci mutane su zauna a gida su rufe tagogi, aka rufe makarantu. Da bututun mako biyu aka dogara da shi, da labarin ya iso bayan yara sun gama shaƙa.

A ganina babban amfanin ɗakin Marilbon shi ne ya zama alƙali tsakanin doka da gaskiya. Daga 1993 Turai ta wajabta wa sababbin motocin fetur na'urar tace hayaƙi a cikin salansa. A shekarar 2000 kuma ta rage benzin da aka yarda a samu a fetur daga kashi 5 cikin 100 zuwa kashi 1. Masu mulki suna iya cewa dokarsu ta yi aiki, amma layin da na'urar ta zana shi ne ya tabbatar: benzin a wannan titi ya faɗi ƙwarai a waɗannan shekaru, daga sama da iyakar maikurogiram 5 zuwa ƙasa da ita nesa, alhali motoci ba su daina wucewa ba.

Sai dai riƙe irin wannan ɗaki ba wasa ba ne. Yana son wutar da ba ta ɗaukewa, da na'urar sanyaya ɗaki, da tukwanen gas, da ma'aikacin da zai riƙa gwada na'urar da iskar da aka san adadin benzin ɗinta don kada ta soma ƙarya. Ƙa'idar Turai ta daɗe tana neman tasha ta kawo kashi 90 cikin 100 na sakamakon shekara kafin a yarda da lissafinta. Sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Na taɓa shiga wani ɗakin bincike na ga irinta a lulluɓe da leda, ƙura ta yi mata rawani, saboda tukunyar gas ta ƙare kuma babu wanda ya sa kuɗinta a kasafi. Abin ya tsaya mini a rai.

Mu kuwa muna cuɗanya da fetur fiye da mutanen Landan. Janareta yana ruri a zaure ko a bakin shago. Makanike yana wanke hannu da fetur, ya sa tiyo a baki ya zuƙo shi daga tanki. Ana ajiye jarka a ɗakin da yara ke kwana. Ga hayaƙin itace a madafa, ga taba sigari, wadda ita ce babbar hanyar shigar benzin jikin mai shanta. Da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta binciki ƙasar Ogoni, a rahotonta na 2011 ta ce ta samu benzin a duk iskar da ta auna, mafi yawa ya kai maikurogiram 48.2, kuma a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar ruwan sha fiye da sau 900. Wancan yankin haƙar mai ne, amma man da aka tace shi ne ke ƙonewa a Kano da Kaduna da Damagaram.

Da ni za a tambaya, sai in ce a fara da bututun mako biyu, a baza su a tashoshin mota da gidajen mai da kasuwanni da unguwannin zama, a gane inda abin ya fi tsanani. Sannan a kafa tasha ɗaya ko biyu masu awon kowace awa a wuraren, da wutar sola da kuɗin gas na shekaru a ajiye, a riƙa faɗin sakamakon a rediyo da Hausa. Bakin bututun tasha akan sa shi tsakanin mita ɗaya da rabi zuwa mita huɗu daga ƙasa, kusa da inda masu wucewa ke numfashi. Ɗan bumburutu kuwa fuskarsa taƙi biyu ce daga bakin galan, don haka tashar gefen titi ba za ta faɗi abin da yake shaƙa ba. Nasa awon daban ne: wani ɗan ma'auni kamar bajo da ake maƙala wa ma'aikaci a wuyan riga da safe, a cire shi in ya tashi aiki, a kai ɗakin bincike.