Hukuncin Raba Tarayya Da Rushe Kamfani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyayen yara, sau da yawa za ka ga 'yan'uwa sun haɗa jari lafiya lau, amma ranar rabuwa sai an dangana da alƙali, zumunci ya yanke. Ba abin da ke jawo haka illa jahiltar hukunci.

Malaman fiƙihu suna kiran haɗa jari "sharika". Tana ƙarewa idan abokan tarayya sun yarda su rabu, ko ɗayansu ya rasu, ko dukiyar ta halaka. To, idan an zo rabuwa, bashi ake fara biya kafin kowa ya ɗauki ko kwabo. A mazhabarmu ta Malikiyya, riba da hasara gwargwadon jarin kowa ake raba su.

Ga misali. Wani ya zuba naira 600,000, abokinsa 400,000. Da aka sayar da kaya aka biya bashi, sai 800,000 ta rage. Ka ga an yi hasarar 200,000 ke nan. Na farko zai ɗauki 480,000, na biyu 320,000. Bai halatta a jibga wa mutum ɗaya hasarar ba.

Amma kamfani mai rajista a Nijeriya, ba a rushe shi da baki kawai. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta tanadi hanyoyi: ko masu hannun jari su yanke shawara da kansu, ko Babbar Kotun Tarayya ta ba da umurni, kamar idan kamfanin ya kasa biyan bashi. Sai a naɗa wakili ya tattara kadarori ya sayar. Haƙƙin ma'aikata da harajin gwamnati suna cikin waɗanda ake gabatarwa, a sallami masu bin bashi, abin da ya rage shi ne na masu jari. Sa'annan a sanar da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC.

Saboda haka iyayenmu, ku riƙa rubuta yarjejeniya tun ranar farko, da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Shagon da aka kulle ba ya sauke haƙƙin mutane daga wuyan mai shi, ana nan ana jiransa gobe Ƙiyama.

Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, amin. Wallahu a'alam.