Tabar wiwi: mene ne a cikin ganyen, kuma me yake yi wa jiki?

A kwanakin baya, cikin shirin da nake gabatarwa a gidan rediyo, wata mai sayar da shinkafa da wake ta bugo waya tana neman shawara. Ta ce ta tarar da ƙullin tabar wiwi a aljihun ɗanta mai shekara 17, wanda yake taya ta aiki a rumfa. Da ta yi masa faɗa sai ya ce: "Inna, ai ganye ne kamar zogale, har Turawa ma sun mai da shi magani." Ta rasa amsar da za ta ba shi. Tun da iyaye da iyayen gida da yawa a kasuwanninmu suna jin irin wannan magana daga bakin yaransu, ya kamata mu san abin da ke cikin ganyen nan, don mu ba da amsa da ilimi.

Masana sun gano sinadarai sama da 400 a cikin tsiron wiwi, kuma fiye da 100 daga cikinsu dangi ɗaya ne da ake kira kanabinoyid. Biyu ne suka fi muhimmanci. Na farko shi ne THC, wanda ke sa maye. Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni ne suka ware shi a Isra'ila a 1964. Na biyu shi ne CBD, wanda aka ware a Amurka tun 1940, shi kuma ba ya sa maye. An fi samun su cikin danƙon da ke jikin furen macen tsiron. Wannan danƙon ne ake daskarar da shi a yi fataucinsa ƙasa-ƙasa, irin tan 17 da hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, OCRTIS, ta kama a Yamai cikin watan Maris na 2021.

Yaya THC ke aiki? Ku ɗauki ƙwaƙwalwa kamar babbar kasuwa mai shaguna, kowane shago da kwaɗonsa: shagon tunawa, shagon jin yunwa, shagon jin zafi, shagon daidaita tafiya, shagon tsoro. Jikin ɗan Adam yana ƙera makullansa da kansa, kuma a 1992 aka gano ɗaya daga ciki, aka sa masa suna anandamid. Jiki yana fitar da shi kaɗan, a wurin da ake bukata, sannan ya kawar da shi nan da nan. THC kuwa kamar makullin ɓarawo ne: ya yi kama da na ainihi, yana buɗe shaguna da yawa a lokaci guda, kuma yana daɗewa bai fita ba.

Idan aka zuƙi hayaƙin, THC yana bi ta huhu ya shiga jini ya kai ƙwaƙwalwa cikin ƴan mintoci, mayen kuma yakan ɗauki awa 2 zuwa 3. Bugun zuciya yana iya ƙaruwa da 20 zuwa 50 a minti ɗaya, abin da ke da haɗari ga mai hawan jini ko ciwon zuciya. Ido ya yi ja, baki ya bushe, yunwa ta taso. Mutum ya manta maganar da aka faɗa masa yanzu-yanzu, lissafi ya dagule, hannu da ƙafa su yi jinkirin bin umarni. Ke nan yaron shago zai iya kuskuren canji, ɗan kabu-kabu kuma ya makara wajen taka birki. Shi dai yana ganin ƙarfi ya samu, alhali gajiyar ce aka rufe masa.

Idan kuma aka sa ta cikin abinci ko shayi, abin ya fi ruɗi. Ba a jin komai sai bayan rabin awa har zuwa awa 2, sai mutum ya ƙara, yana zaton ba ta kama shi ba. Hanta kuma tana mai da THC wani sinadari mai ƙarfin maye, wanda zai iya riƙe mutum awa 6 ko fiye. Ƙaramin yaro da ya ci irin wannan abinci bisa kuskure, sai a gaggauta kai shi asibiti.

Ga wata magana da ta shafi mata. THC yana narkewa cikin kitse, shi ya sa yake maƙalewa a jiki, har akan same shi a fitsarin mai sha kullum bayan makonni da dainawa. Yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi, yana kuma shiga ruwan nono. Don haka likitoci suke hana mai ciki da mai shayarwa kusantar ta.

Matasa ne suka fi cutuwa, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Bincike ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 na masu sha yakan kamu har ya kasa dainawa, amma ga wanda ya fara tun yana ɗan samari, abin yakan kai 1 cikin 6. Mai sha kullum, musamman wiwi mai ƙarfi, ya fi shiga haɗarin taɓin hankali: jin muryoyi, zargin kowa na neman sa da sharri. Haɗarin ya fi yawa idan akwai ciwon a dangi. Wiwin ma ƙara ƙarfi take yi: a Amurka, THC da ke cikin wadda ake kamawa ya tashi daga kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kashi 12 a 2014.

To, ina maganar magani? Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. A 1985 Amurka ta yarda da wani magani mai THC don tsai da aman masu jinyar sankara. A 2018 ta yarda da Epidiolex, tataccen CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. A watan Disamba na 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi tsananin haɗari, amma ta bar ta cikin abubuwan da doka ke tsarewa. Waɗannan magunguna awo gare su, likita ke rubuta su yana bin lafiyar mai sha. Duk ƴar kasuwar da ta san bambancin tiya da tsibi za ta gane: ƙullin da ake sayarwa a bayan tasha ba wanda ya auna THC ɗin da ke ciki, ba wanda ya san abin da aka gauraya masa. A nan Nijar kuma dokar yaƙi da ƙwayoyi ta 1999 ta hana noma ta, sayar da ita da shan ta.

Ga shawara ga iyaye da iyayen gida. Ku lura da jan ido, yawan mantuwa, kuɗin ciniki da ba sa cika, da sauya abokai a fada. Duka da kora ba su cika gyara ba, sun fi tura yaro wajen masu sayarwa. Ku zaunar da shi ku yi magana lokacin da yake cikin hayyacinsa. Ku sani wanda ya saba sha, idan ya daina, zai yi fama da rashin barci, saurin fushi da rashin cin abinci na mako ɗaya zuwa biyu. Wannan alama ce jiki na komawa daidai, sai a yi haƙuri da shi. Idan kuwa ya fara magana shi kaɗai ko yana jin muryoyi, a kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, kada a ɗaure shi a ɗaki.

Ga uwar da ta bugo waya, amsar da za ki ba ɗanki ita ce: zaƙami ma ganye ne, amma ba mai sa shi a miya. Allah ya shirya mana zuri'a.