Abin Da Ɓera Ke Faɗa Da Fitsarinsa

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa buɗe rumbu ko tsohon akwatin takardu ya san warin ɓera. Mu a wurinmu ƙazanta ce kawai, amma a wurin ɓeraye sanarwa ce, wadda ke nuna wane ne mai wurin, namiji ne ko mace, da kuma irin ƙarfinsa. Dabba ce mai yawon dare cikin ramuka da lunguna, inda ido ba ya da wani amfani sosai, saboda haka hanci ne ya zama jagoranta.

Masana na ganin cewa tun asali fitsari ba kome ba ne illa dattin da jiki ke fitarwa. To, amma da yake yana ɗauke da alamun halin da jikin mai shi ke ciki, sai ya zamana ɓeran da ya iya sansanawa ya gane ya fi samun abokiyar barbara, ya kuma fi tsira daga faɗan da ba zai ci ba. A hankali hantar ɓeran gida ta zama mai ƙera wasu furotin na musamman da ke bi ta ƙoda su fita cikin fitsari, su riƙe ƙanshin ya daɗe bai gushe ba. Ƙwayoyin gadon da ke kula da wannan aiki sun kai wajen 21 a jikin ɓera, alhali ɗan Adam guda ɗaya gare shi, shi ma ba ya aiki.

Ba a haifar ɓera da wannan ɗabi'a. Jaririnsa ko fitsari ba ya iyawa sai uwar ta lashe shi. Sai ya doshi balaga, wajen mako shida da haihuwa, sa'an nan sinadarin mazakuta ya yawaita a jininsa, ya fara bin ko'ina yana ɗiga fitsari kaɗan-kaɗan. In an fiɗiye shi abin ya ja baya, in an mayar masa da sinadarin ta allura ya dawo.

Sai dai balaga kaɗai ba ta isa ba. A shekarar 1973 wasu masana uku a Jami'ar Texas ta Amurka, wato Desjardins da Maruniak da Bronson, sun haɗa maza biyu suka yi faɗa, sa'an nan suka raba su da ragar waya, suka shimfiɗa musu takarda. Da aka duba takardar da wata fitila mai sa fitsari ƙyalli cikin duhu, sai ga ɓangaren wanda ya yi nasara cike da ƙananan ɗigo ko'ina. Shi kuwa wanda aka kayar riƙe fitsarinsa ya yi, ya koma lungu ya zubar a wurare kaɗan. Wato dai shan kaye ya sa ya janye da'awarsa. Binciken Farfesa Jane Hurst ta Jami'ar Libaful ya ƙara nuna cewa mai wuri ba ya barin alamar baƙo sai ya mayar da martani da tasa a kusa da ita, kuma mata sun fi karkata ga namijin da babu alamar kishiyarsa a yankinsa. A 2010 ita da abokan aikinta suka bayyana furotin guda, mai suna darsin, wanda ke jan mace, ya kuma sa ta riƙa tuna ƙanshin wannan namijin.

Abin mamaki, ƙanshin har cikin jikin mace yake aiki. A 1959 Hilda Bruce ta gano a Landan cewa macen da ba ta daɗe da barbara ba, in ta shaƙi ƙanshin baƙon namiji, cikin kan lalace tun bai zauna ba.

Mu a nan ƙasar batun ya wuce na ɗakin gwaji. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau, wani ɓera ne dabam da na gida ke ɗauke da shi, mai yawan nonuwa, wanda masana ke kira Mastomis. Cutar ba ta kayar da shi, amma yana zubar da ƙwayoyinta cikin fitsari da kashi a duk inda ya bi, har da kan hatsi da garin da aka shanya a ƙasa ko aka bari a buɗe. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke nanata a zuba abinci cikin mazubi mai murfi, musamman da rani, lokacin da cutar ta fi yaɗuwa.