HANNUN JARI TA WAYAR SALULA: INA MATSAYIN MUSULMI?

A da, wanda yake nufin sayen hannun jari sai ya je ofishin dillali, ya cika takardu, sa'an nan ya zauna jiran takardar shaida wata da watanni. Kasuwar hannun jari ta Ikko ta fara ciniki a 1961, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, a Kano kuwa a 1989, amma ba ta koma ciniki da kwamfuta ba sai 1999. Yau ga shi manhajoji irin su Bamboo da Trove sun kawo kasuwar har cikin aljihu, ɗan kasuwa yana zaune a rumfarsa a Kantin Kwari yana sayen hannun jarin kamfanin Amurka. To, sauƙin hanya ba shi ne halaccin ciniki ba, don haka ya kamata mu san hukunci kafin mu saka dukiyarmu.

Shi dai dillanci halal ne, haka nan la'adar da aka ƙayyade, ko dillalin mutum ne ko na'ura. Hannun jari kuwa tarayya ce cikin mallakar kamfani. A 1992 Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, mai mazauni a Jidda, ta halatta shiga kamfanin da sana'arsa halal ce, ta haramta wanda tushensa haram ne, kamar kamfanin giya da bankin kuɗin ruwa. Kamfanin da sana'arsa halal ce amma yakan ci bashi da ruwa, nan ne malamai suka saɓa. Ita Majalisar ta tafi a kan cewa asalinsa hani ne. Hukumar AAOIFI ta Bahrain kuwa ta yi rangwame, muddin bashin bai wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin a kasuwa ba, kuma abin da yake samu ta haramtacciyar hanya bai wuce kashi 5 ba, sa'an nan mai jari ya fitar da wannan kason ya bayar, ba da neman lada ba. Tun 2012 akwai ma'aunin Lotus Islamic Index a kasuwar Nijeriya, wanda yake tace kamfanoni bisa shari'a.

Akwai ramuka uku da Majalisar ta Jidda ta hana faɗawa. Na farko, sayen hannun jari da rancen dillali mai ruwa. Irin wannan rance yana cikin abubuwan da suka durƙusar da masu jari da bankuna lokacin da kasuwar Nijeriya ta faɗi a 2008. Na biyu, sayar da hannun jarin da mutum bai mallaka ba, da fatan farashi ya sauka ya saya da araha, alhali Manzon Allah (S.A.W.) ya hana sayar da abin da ba ya hannunka. Na uku, cinikin hasashe a kan hawa da saukar ma'aunin kasuwa, inda babu hajar da ake karɓa, sai dai wani ya ci wani ya rasa. Wannan caca ce, ko da an sa mata rawani.

Bayan haka, a binciki dillalin kansa. A watan Afrilu na 2021 hukumar SEC mai kula da kasuwar jari ta gargaɗi jama'a game da manhajojin da ba su da rajista, a Afrilun 2025 kuma dandalin CBEX ya rushe da kuɗin mutane masu yawa. Duk wanda ya lamunce maka riba tabbatacciya ba tare da yiwuwar hasara ba, to, guje shi, domin a shari'a riba tana tare da ɗaukar hasara.

Kada kuma a manta da zakka. Wanda yake saye don ya sayar, hukuncinsa na kayan fatauci ne, watau kashi biyu da rabi cikin ɗari idan nisabi ya cika kuma shekara ta kewayo. Ma'aikacin da yake tanadi don ranar ajiye aiki, ya tambayi malaminsa yadda zai fitar da tasa.

Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mu daga haram. Amin.