Murata: Kamfanin Japan Da Ya Gina Arzikinsa A Kan 'Yar Ƙwayar Lantarki

'Yan kasuwar da ke sayar da wayoyin salula da talabijin a Alaba ta Legas ko a Kano ba kasafai suke jin sunan Murata ba. Amma kuwa da wuya a buɗe cikin irin waɗannan kaya ba a tarar da 'yar ƙwayar da kamfanin ya shahara da ita ba, wato kafasita, wadda masu gyaran rediyo ke kira kondensa. Aikinta shi ne ta adana wutar lantarki na ɗan lokaci, ta sake ta daidai gwargwado, don kada ƙarfin wuta ya riƙa hawa da sauka a cikin na'ura.

Akira Murata ne ya kafa kamfanin a 1944 a birnin Kyoto, wanda ya daɗe da yin suna wajen ƙera kayan tangaran. Daga wannan sana'a ta gasa yumɓu ya fara ƙera kafasita ta tangaran domin akwatunan rediyo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya haɗa kai da masana na Jami'ar Kyoto wajen sarrafa sinadarin bariyam taitanet, wanda ke ba da damar adana wuta mai yawa a ƙanƙanin wuri.

A yau Murata ne ke kan gaba a duniya wajen ƙera kafasitar tangaran mai hawa-hawa, inda yake riƙe da wajen kashi 40 cikin 100 na kasuwarta. Wasunsu ba su fi ƙwayar yashi girma ba, kuma babbar wayar salula guda tana iya ɗaukar kimanin 1,000. Ƙarfin kamfanin ya ta'allaƙa ne a kan cewa shi da kansa yake haɗa garin tangaran ɗin, yake kuma ƙera yawancin injunan aikinsa, abin da ke wa abokan gogayya wuyar kwaikwayo.

Muhimmancin wannan ƙwaya ya fito fili a 2018, lokacin da buƙatar masana'antun motoci da na wayoyi ta zarce abin da ake ƙerawa. Farashi ya tashi, masu oda suka yi watanni suna jira. Saboda haka ya kamata mai shigo da kayan lantarki ya sa ido a kan wannan kasuwa, domin ƙarancin ƙwayar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba yana iya tsayar da kayan miliyoyin naira a masana'anta.