Tsara Kafar Iska a Akwatin Lasifikar Amo Mai Kauri

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake tsara bututun da ake dasawa a jikin akwatin lasifikar da ke fitar da amo mai kauri, wato irin mai gunjin tambari. Za a kira bututun "kafar iska", sannan a yi amfani da "kaɗawa" wajen nufin yawan rawar iska a daƙiƙa ɗaya, wadda ake aunawa da Hz.

2.0 Tushen Aikin

Idan aka hura bakin kwalba sai a ji gunji, domin iskar wuyan kwalbar tana lilo ne bisa iskar da ke cikinta. A kan wannan ƙa'ida aka gina tulun kiɗa na Igbo mai suna udu, kuma masanin nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, shi ya yi bayaninta a ƙarni na 19. A 1932 Albert Thuras ya sami rajistar mallakar fasahar akwati mai kafa a Amurka. Daga baya A. N. Thiele a 1961 da Richard Small a 1973 suka daidaita lissafinta. Akwatin shi ne cikin kwalba, kafar kuwa wuyanta.

3.0 Ma'aunai Uku

Abubuwa uku ke yanke kaɗawar da akwati zai ƙarfafa: girman cikinsa, faɗin kafa da tsawonta. Ƙarin tsawo ko ƙarin girman ciki yana kauraro amon, ƙarin faɗi kuwa yana sirantar da shi. Alal misali, akwati mai lita 50 da ake son ya daidaita a kan 35 Hz yana buƙatar kafa mai tsawon kimanin santimita 16 idan faɗin bakinta santimita 7.5 ne. Da an mai da faɗin santimita 10, sai tsawon ya kai wajen 31.

A nan gizo ke saƙar. Matsattsiyar kafa gajeriya ce, amma iska kan ratsa ta da gudu har ta riƙa huci tana ɓata kiɗa; shi ya sa magina kan so kada gudun ya wuce wajen mita 17 a daƙiƙa, kuma sukan buɗa leɓen kafar kamar bakin kakaki. Faffaɗar kafa ba ta huci, sai dai tsawonta na cin wuri, kuma tilas a cire wurin da ta ci daga lissafin girman ciki. Bugu da ƙari, amon da ya yi ƙasa da ma'aunin akwati ba ya samun iskar da za ta tokare lasifika, sai ta yi ta rawa fiye da kima har ta iya yagewa. Maganin wannan shi ne na'urar tace amo.

4.0 Kammalawa

An ga cewa ba a zaɓar faɗin kafa sai tare da tsawonta da girman akwati. Wanda ya huda akwati da ka, yana iya asarar amon da lasifikar baki ɗaya.